Alwalar Kaka

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, shi ya sa ban saba jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, a gaban mutane kuwa "waccan". Ni ma Adda nake ce mata, sai ka ce yayata. Daga gidan makiyaya ta fito, can wajen Sae Sabuwa, inda kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce.

Bayan rasuwar mahaifina ta koma Gazawa da ni, ta kama tsallaka iyaka da wake tana saro sabulu da atamfa. Ranar tafiya takan kulle ni a ɗaki da kwanon fura da butar ruwa, ta dawo kafin magariba. Wata tafiyar aka tsare motarsu a can, ba ta dawo ba sai bayan kwanaki. Maƙwabta ne suka ɓalle ƙofar, jandarma suka kai ni likita. Ana yawan tambayata ko na ji tsoro. Ban sani ba. Abin da na riƙe kawai shi ne furar ta yi tsami, na ci gaba da sha.

Da maganar ta je kotu, alƙali ya yanke cewa zan zauna wurin kakata ta wajen uba a Gidan Rumji. Adda na iya zuwa ganina ranar kasuwa, amma a gaban kaka, ba a barin mu mu kaɗai. In an ga al'amura sun gyaru, za a sake zama a mayar mata da ni.

Wato an ce ta zo ta ga 'yar farinta a gaban surukarta. Ko ba kotu, ai macen kirki ba ta ɗaga ido ta dubi ɗan fari a gaban uwar mijinta.

Takan iso da hantsi, ƙafafunta butu-butu da ƙura, bayan ta sauya mota a Maraɗi. Ta durƙusa ta gaida kaka, ta zauna a gefen tabarma ta ba ni rabin baya. Su yi ta hirar damina da tsadar hatsi. Ni ina jingine da turmi ina kallon ƙeyarta. Ƙuli-ƙulin da ta kawo ma kaka take miƙa wa, ta ce a ba yara, alhali ni kaɗai ce yarinya a gidan. Ban yi kuka ba, ban kuma yi fushi ba. Zama nake yi har ta tashi.

Kaka mace ce mai faɗa, tana tsoron hukuma kamar ranta, amma ba makauniya ba ce. Wata ranar kasuwa, tun azahar ba ta yi ba, ta ɗauki buta ta ce bari ta kama ruwa, ta shige bayan zana. Adda ta juyo da sauri ta fizgo ni. Ta zagaye hannuna da yatsu biyu tana auna ko na yi ƙiba, ta duba kaina, ta shinshina wuyana, ta kira sunana a hankali. Da muka ji tarin kaka sai ta sake ni ta koma ta ba ni baya.

Daga nan alwalar kaka ta ranar kasuwa ta riƙa tsawo. Tsohuwar da ke gama alwala kafin ka ƙifta ido, sai ga ta tana wanke ƙafa kamar mai shirin biki. Bayan Adda ta tafi takan kama kunnena ta ce, "Ɗiyar nan, in kika hwaɗa ma wani ina tashi in bar ku, kaso za a kai ni a kulle. Kin jiya?" In ce na ji.

Da ranar sake zama ta zo, muka je kotu da kaka da baffannina. Adda na zaune ita kaɗai a benci, sanye da sabon mayafi, da ƙullin kaya a gefenta. Daga baya na ji riga ce ta ɗinka mini ta komawa gida.

Alƙalin ba mugu ba ne. Ya sassauta murya ya ce ya san kunya, shi ma ɗan fari ne, amma yana son ya ji daga bakina. "In mahaifiyarki ta zo, takan yi miki magana? Ta taɓa riƙe ki, ko sau ɗaya?"

Na dubi kaka. Tana jan carbi. In na ce e, tambaya ta gaba ita ce yaushe, kuma kaka tana ina.

Na ce, "A'a."

Ya juya ga Adda ya ce ko tana da abin cewa. Surukarta na zaune, 'yan'uwan mijinta na zaune, dukkansu sun zuba mata ido. Kalma ɗaya za ta fitar da ita, ta jefa tsohuwar da ta yi mata alfarma cikin masifa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, waccan ba ta ƙarya."

Aka bar hukunci yadda yake. A gidan kaka na girma, a nan na gama karatun lakol. Rigar kuwa ranar kasuwa ta gaba Adda ta kawo ta, ta miƙa wa kaka, ta ce a ba yara.