Ordinatar Kawu da Gajerun 'Yan Kokowa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya dawo daga Tchibarakaten, inda ake haƙar zinariya, da haƙorin zinariya a baki da sabuwar ordinatar, wato kwamfuta, a kwali. Ba haƙa ya je yi ba, ruwa da taliya yake sayar wa masu haƙar, amma in an kira shi mai zinariya ba ya gyara wa kowa. Na'urar ta Tamanrasset aka shigo da ita, fil a leda, babu komai a cikinta. In ka kunna, sai ta nuna maka baƙin allo da 'yan haruffa, ta yi shiru.

Lokacin ina zaman gida a Arlit, kamfanin da nake wa sakatariya ya sallame mu da aikin uraniyom ya ja baya. Tunda an taɓa ganina gaban ordinatar a ofis, a wurin dangi ni injiniya ce.

"Ɗiyata, zuba mata hankali," in ji kawu. "Kokowa kawai nake son kallo."

Ina da wata 'yar kile, irin wadda ake sokawa a gefen na'ura. Wani tsohon abokin aikina ne ya ba ni ita, da tsarin nan na kyauta mai tafiyar da ordinatar a ciki, wanda ba ya neman lasisi. Da kawu ya ji kalmar kyauta, sai ya ce wanda ya ƙirƙiro shi ɗan aljanna ne, ko wane ne ubansa.

Na zuba tsarin, na'ura ta tashi. Sai dai komai ya baje a allon kamar wanda aka zauna a kai. Muka sa bidiyon kokowa, ƙartin nan dogaye suka fito gajeru masu faɗi, sai ka ce turame ne ke rungumar juna. Hasken allon kuma ya ƙure, ya ƙi raguwa, har kawu ya ɗauko baƙin tabarau. Na buɗe hoton matarsa don in gwada. Ita siririya ce tun tana budurwa, amma ga ta ta cika allo, kumatu har kafaɗa. Na zaci za ta yi faɗa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "A aika wa 'yan'uwana a Damagaram, su san ina ci."

Na kira abokin aikin nan nawa. Ya yi dariya ya ce na'urar ta fi tsarin ƙuruciya: an haɗa abin da ke kan kilen tun ba a haifi irin wannan allon ba, don haka bai san yadda zai tuƙa shi ba. Abin da ya rage shi ne pilot, wato ɗan shirin da ke koya wa tsarin sarrafa allo.

Aminin kawu, wani tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, mutumin Abzin, yana gefe yana dafa shayi. Ya ɗago kai. "Ke yarinya, wannan akwati ma yana da pilot? To ki faɗa masa ya bar shan abin da yake sha."

Sauko da pilot sai da intanet, ga shi wifin na'urar shi ma bai da nasa pilot ɗin. Na haɗa ta da salulata ta igiyar caji, na hau soron maƙwabta inda rezon waya ya fi kamawa, na zauna kamar mai duban watan azumi. Abin ya sauko a hankali, na kashe na kunna. Allo ya yi baƙi ƙirin, ko harafi babu.

"Kin kashe ta," in ji kawu daga ƙasa. Ya cire tabarau, haƙorin zinariya ya ɓace cikin baki. Matarsa ta fara yi masa gaisuwar rashi, da gaske ko da shaƙiyanci, har yau ban sani ba.

Na sake kiran abokina. Ya ce kada in firgita, in danne wani maɓalli lokacin kunnawa, jerin zaɓi zai fito, in koma tsohon saiti. Daga nan ya karanto mini umarni harafi-harafi, ina bugawa, muka sauko da sabuwar zuciyar tsarin gaba ɗaya, wadda ta san na'urorin bana. Na sake kunnawa ina salati a ciki.

Allo ya fito tas. Rubutu ya daidaita, haske ya ji magana, matar kawu ta koma siririya, ta yi tsaki ta shige madafa.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, maƙwabta suka taru. Kawu ya ɗora na'urar kan kujera, ya sa wasan da ya daɗe yana son gani, namu ɗan Damagaram da ɗan Tawa. Aka yi kirari, aka zuba ƙasa, aka kama. Ko shayi ba a zagaya da shi ba ɗan Tawa ya ɗaga namu ya shimfiɗe shi, kuma allon ya nuna faɗuwar sarai, har yashin da ya shiga bakinsa. Wani maƙwabcinmu mutumin Tawa ya miƙe yana rawa.

Kawu ya rufe ordinatar a hankali, ya dube ni.

"Ɗiyata, har yanzu da sauran gyara."