Irin Tattasan Neda

Duk wanda ya taɓa hawa bas ɗin safe daga ƙauyenmu zuwa Plovdiv ya san Bai Jelyo, wato Malam Jelyo a bakin mutanenmu. Shi ne direban nan mai gashin baki kamar tsintsiya, wanda in lokaci ya yi yake rufe ƙofa ko da fadan coci ne ke tahowa a guje riƙe da bakin rigarsa. Har ya yi ritaya bai taɓa take ko kaza ba, kuma ba ya bari kowa ya manta da hakan. Mutum ne mai yarda da kansa, in ya ce ga hanya, to ko rami ne a gaba sai dai ramin ya kauce.

Abu ɗaya ne bai taɓa sa wa hannu ba, lambun tsakar gidansa. Wannan kam daular matarsa ce, Neda. Tana da wani tattasai da ta gada daga kakarta, dogo, ja jawur, mai kaurin nama, bakinsa a lanƙwashe kamar ƙahon akuya. Ba a sayar da irinsa a kowane shago. In kaka ta yi, aikin Jelyo bai wuce ya zauna gaban murhu yana gasawa ba. Ita ke ɓarewa, ta niƙa da tumatir, ta dafa lutenitsa ta ɗura a kwalabe, su yi ta shafa wa burodi har hunturu ya fita. Shi dai ci ya iya, da yabo in an matsa masa.

Neda ta rasu a tsakiyar hunturu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ta bar masa gida, da kyanwa, da kwalbar iri guda a kan kantar ɗakin girki.

Da bazara ta ƙarato sai Jelyo ya ce, noma ɗin me? Wanda ya tuƙa bas a kan ƙanƙara, tattasai ne zai gagare shi? Ko yaro a ƙauyenmu ya san abu biyu: rabin iri ake shukawa a ɓoye rabi, kuma ba a fitar da dashe waje sai idin Waliyyi Georgi ya wuce. Gogan naka ya juye kwalbar kaf a akwatunan reno, ya ga sun tsiro, ya ga rana ta haska kwana biyu, ya kwashe su ya dasa a fili tun idin da saura. Wata safiya ya fito ya tarar sanyi ya bi ta kansu, sun kwanta baƙi ƙirin, ko ɗaya bai tsira ba. Bai gaya wa kowa ba, amma abin ya ci shi ƙwarai, ji ya yi kamar an sake binne ta, kuma wannan karon shi ya haƙa ramin.

A nan ne ya tuna da kwamfutarta. Neda takan zauna gabanta da rana tana hira a wani zauren masu lambu na intanet, shi kuwa yana mata tsiya wai tana zance da fatalwa. Ya kunna, sai ga zauren ya buɗe da sunanta. Ya yi ta lalube har ya faɗa ɗakin musayar iri, ya ga ashe ta taɓa aika wa mutane irin tattasan nan. Ai kuwa bai yi wata-wata ba ya rubuta, da sunan marigayiya, cewa duk wanda ke riƙe da irin ya maido.

Kofinsa bai huce ba wayar gida ta yi ƙara.

“Da mijin Neda nake magana?” Muryar tsohuwa ce, mai kaifi. “Todorka ce, ni ke tsaron ƙofar zauren. Mu muka aiko da furannin nan masu ruwan ɗorawa ranar jana'iza. Yanzu ka tayar mini da hankalin jama'a, wata har ta kira ni tana kuka wai Neda ta yi rubutu. Haba Bai Jelyo, da girmanka?”

“Baiwar Allah, ni ba fatalwa na zo yi ba. Irin matata nake nema. Gadona ne.”

“Wanda ta bar maka fa?”

Ya ce, “Sanyi ya kashe.”

“Sanyi, ko kai?”

Rabon da wani ya yi masa irin wannan tambaya tun yana ɗan koyon tuƙi. Todorka ba ta jira amsa ba, ta karanto masa doka. Sunan Neda za a rufe shi yau. In yana so, ya shiga da nasa sunan, ya gaida mutane, ya faɗi ko shi wane ne. Ɗakin iri kuwa ba ya buɗuwa ga sabon shiga sai ya shuka wani abu daga ƙwaya, ya rene shi har girbi, yana nuna wa zaure hoto, mai kyau da marar kyau duka.

“Ni fa mijinta ne!”

“Na ji. Mu biyu kacal muka rage da irin nan, ni da wani tsoho da idonsa ya fara tafiya. Ba zan zuba shi a hannun da ya riga ya kashe kwalba guda ba.”

“To a rubuta sunana,” in ji shi. “Ki ajiye irin, ina zuwa karɓa da kaka.”

Maƙwabcinsa Ganco, wanda suka tashi tare tun suna satar 'ya'yan itacen ceri, da ya ji labari sai da ya riƙe katanga don dariya.

“Kai, direba! Wai kai ne aka tsayar a bakin ƙofa? Allah ya saka wa duk wanda ka bari a tasha! Je ka shago ka sayi iri mana, tattasai ai tattasai ne.”

“A bakinka ba, da ba ya bambance cuku da sabulu.”

Shagon dai ya je, amma don ya cika sharaɗi. Ya sayo irin tattasai na kowa da kowa ya shuka, duk da 'yan zaure sun ce masa lokaci ya ƙure, ya shuka wake ya huta. Ya ce shi tattasai ya kashe, tattasai zai raya. Hotonsa na farko rabi babban yatsansa ne, rabi kyanwa. Aka yi masa ca da tsiya, ya rama, don bakinsa bai taɓa mutuwa ba. Amma a cikin tsiyar aka gaya masa yana kashe su da ruwa, ya rage. Aka ce ya leƙa bayan ganye, ya leƙa, ya ga ƙwari sun yi sansani. Wata mata daga bakin teku ta koya masa feshin ruwan sabulu. Shi kuma da wani ya yi kukan injin ban-ruwansa na tari, Jelyo ya sa shi ya ɗauko sautin, ya saurara sau ɗaya ya gaya masa abin da zai kwance. Tun daga ranar aka daina ce masa mijin Neda, aka koma ce masa Direba.

Ana tsakiyar zafi, shuka ta yi kyau har ta fara fure, sai ƙanƙara ta sauko wata la'asar. Kafin a ce kwabo ta yi wa lambun kaca-kaca. Jelyo ya tsaya a tsakiya, ganye a tsattsage ko'ina, 'yan tsiraru ne ke tsaye. Na Ganco kuwa lafiya lau, don shi ya rufa wa nasa raga.

Ganco ya leƙo ta katanga, wannan karon ba dariya. “Shigo ka ɗauki hoton nawa. Wa zai sani? Tsohuwar nan ba ta taɓa taka garin nan ba. In ka nuna musu wannan kangon, sai baɗi, kuma wa ya san ko tsohon can mai riƙe da irin zai kai baɗi?”

Maganar ta shige shi, gaskiya. Ya daɗe yana kallon lambun Ganco. Sannan ya gyara gashin baki ya ce, “Shekara da shekaru ina sauke wanda ya hau ba tikiti. Yau ni zan shiga ta taga? Matsa, kana tare mini haske.”

Ya ɗauki hoton ɓarnar yadda take ya sa a zaure, ya rubuta a ƙasa: ga abin da ya rage, kuma da shi zan iso. Ba wanda ya yi tsiya ranar. Todorka, wadda tun wayar nan ba ta ƙara ce masa uffan ba, ta rubuta layi ɗaya: a yanke duk reshen da ya karye, a bar su su huta, kada a sa taki. Ya bi umarnin kamar dokar hanya.

Suka farfaɗo. Ba wani abin a zo a gani ba, amma kafin sanyin kaka ya shigo Jelyo ya tsinki tattasan da ya cika kwano ɗaya, ƙanana, wasu a karkace. Ya jera su a kan teburin Neda ya ɗauka, ba yatsa ba kyanwa. Ya sa hoton ya zauna jiran a buɗe masa ƙofa.

Ranar Asabar sai ga wata 'yar tsohuwa ta sauko daga bas ɗin Plovdiv, da sanda da jaka, tana tambayar gidan Direba. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba, ta wuce lambu. Ta duƙa ta duba kututturan, ta ga tabon ƙanƙara a jikinsu, ta murza ƙasa a hannu. Sannan ta yarda ta zauna aka kawo mata kofi.

“An buɗe maka ɗakin,” in ji Todorka. “Amma wannan ba na aika shi ta gidan waya.” Ta ciro ƙullin tsumma ta ajiye a gabansa.

Jelyo bai taɓa shi ba tukuna. “Yanzu da na ci jarrabawa, gaya mini. Wane mugun ne ya ƙirƙiro wannan doka?”

Tsohuwar ta kurɓi kofi. “Matarka.”

“Neda?”

“Ita fa. Da can duk wanda ya roƙa ba shi muke yi, iri ya yi ta salwanta a hannun 'yan ɗoki. Ita ta kawo dokar, aka yi ta rigima, ni kaina na ce ta yi tsauri. Na ce mata, to in ɗan'uwanki ne fa? Ta ce, ko mijina ne ya zo kada ku ba shi sai ya shuka. Ta ce mutumin nan juye kwalbar zai yi gaba ɗaya, ya dasa kafin idi.”

Jelyo ya kalli tsohuwar. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda rabonsa da ita tun hunturu, yana yi yana dukan tebur, hawaye na bin gashin bakin nan. Kewarta ta taso masa gaba ɗaya, bai kuma ɓoye ba.

“Ta ce wani abu kuma?” ya tambaya da ya samu numfashi.

“Ta ce amma in kuka rufe masa ƙofa ba zai tafi ba, zai tsaya har ya iya. Shi ya sa na ƙi ba kowa nawa bana.”

Ya share fuska da bayan hannu, ya tashi ya ɗauko kwalbar nan da ta shafe wata da watanni a kan kantar ba komai a ciki. Ya kwance ƙullin a hankali, ya baje irin a kan tebur, ya sa gefen hannu ya raba shi biyu. Rabi ya zuba a kwalba ya murɗe murfin da kyau.

Ganco ya leƙo ta katanga. “Direba, yaushe za a dasa?”

“Bayan idi,” in ji Jelyo. “Ko rana ta fito da ƙafa huɗu.”