Ranar da Muka Bar Tuwo a Kan Wuta

Ko zan manta komai na zaman da muka yi a Alkahira, akwai wata Juma'a da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun shuɗe, mun dawo gida, yaran da nake goyo a lokacin duk sun fi ni tsawo, amma in na rufe ido har yanzu ina ganin falon nan da fararen kujerunsa na roba.

Maigidana ma'aikacin ofishin jakadanci ne, shi ya kai mu can. Mu Kiristoci masu jin Hausa ba mu da yawa a garin, yawancinmu kuma 'yan Baftis ne tun daga gida, sai muka kama hayar wani ɗan gida a hawa na sama a unguwar Madinat Nasr, muka mayar da falonsa majami'a. Ranar Juma'a muke sujada, don a Masar ita ce ranar hutu, Lahadi kowa yana wurin aiki. Ba mu da fasto. Wani dattijo ne yake bishe mu, dikin ne, wato mai taimaka wa fasto, tun a ikilisiyarsa ta gida, shi ya sa kowa ke ce masa Baba Dikin. Mutum ne mai tsoron Allah, wannan ba zan hana shi ba, sai dai in ya kafe a kan magana, ka fi saurin tura bango.

Mu Baftis muna da wata ƙa'ida da muke tinƙaho da ita. Babu wani babba a wani wuri da zai yanke mana hukunci. Ikilisiya ce ke zama, duk wanda aka yi wa baftisma yana da bakin magana, yana da hannun ɗagawa, mace ko namiji. Haka abin yake a baki. A aikace kuwa, da yake kowa daga nesa yake zuwa kuma cunkoson Alkahira ba ya tausayin kowa, sai muka saba da an tashi sujada maza su zauna taron ikilisiya nan take, mu mata mu shige kicin mu ɗora tuwo. In an gama sai a leƙo a ce mana an amince da kaza, mu ce madalla. Ba mu taɓa damuwa ba, don maganar ba ta wuce gyaran fanka ko wa zai yi wa'azi mako mai zuwa. Gaskiya ma mun fi su jin daɗi, don hirar kicin ta fi tasu armashi, ga shinkafar Masar da ke yin tuwo mai danƙo, ga lalo ɗanye a kowace kasuwa.

A cikinmu akwai wani saurayi da ya zo karatun likita, yana zaune a unguwar Abbasiya. Shi yake ba da waƙa. In ya ɗaga murya har maƙwabtanmu Misirawa sukan tsaya a matakala su saurara. Matan zumunta kuwa mun sa shi a gaba da maganar aure, kowa da 'yar ƙanwarta da take tallata masa, shi kuma sai dai ya yi dariya ya ce, “Mama, a bari in gama karatu.”

Wata rana ya taya ni kai kayan miya gida, muna tsaye a ƙofa ya ce yana da magana. Ya daɗe yana murza yatsunsa kafin ya ce, “Mama, ku daina wahalar da kanku. Zuciyata ba ta taɓa karkata ga mace ba. Na yi azumi, na yi kuka, na roƙi Allah tun ina ƙarami, ban canja ba. Kuma akwai wanda nake so, namiji ne.” Na dai ba shi ruwa ya sha. Bayan tafiyarsa na yi watanni ina juya maganar, ina karatu, ina addu'a, wani lokaci har ina faɗa da Allah. Ban warware dukan tambayoyina ba. Abu guda dai ya tsaya mini: yaron da na sani jiya shi ne na yau, kuma ban ga inda Ubangiji ya janye hannunsa daga kansa ba.

Shi kuwa bawan Allah, gaskiyarsa ce ta ja masa. Ya ga ba zai iya ci gaba da tsayawa gaban jama'a yana ɓoye wa shugabansa ba, sai ya je ya faɗa wa Baba Dikin, yana neman addu'a da shawara. Ni ban san ya je ba.

Ranar Juma'ar nan an tashi sujada, mun shiga kicin kamar kullum. Na yi talge, na fara tuƙi ke nan, sai na lura falo ya yi tsit. Maza ba sa shiru haka a kan fanka. Na leƙa ta ƙofa, na ga an ajiye kujera guda a tsakiya, yaron nan yana zaune a kai, kansa a sunkuye. Baba Dikin yana tsaye yana cewa a cire shi daga ikilisiya, a yi sanarwa a sujada mai zuwa tare da dalili, a kuma sanar da ikilisiyarsa ta gida, kamar yadda ake yi.

Wanda bai zauna a can ba zai ɗauka horon coci ne kawai. Sujadarmu baƙi suna zuwa, magana kuma ba ta kwana a falo guda. Bawwab ɗin gidan, wato mai gadin ƙofa, babu abin da ke shiga ko fita bai sani ba, kuma kowa ya san da wa masu gadin ƙofa ke hira. A Masar irin wannan zance yana kai mutum hannun 'yan sanda, daga nan a kore shi. In ya koma gida kuma, abin da ke jiransa ya fi wannan muni, ga mahaifiyarsa da za a karanta mata sunan ɗanta a gaban jama'a. Karatunsa, 'yancinsa, watakila har ransa, duk suna kan hannuwan da ake shirin ɗagawa.

Na juya na ce wa mata, “Ku wanke hannu, mu fita.” Ɗaya ta ce, “Tuwon fa?” Na ce, “Ya ƙone.” Ni ko wanke hannun ban yi ba, da muciyar na fita.

Baba Dikin ya dube mu ya ce, “Lafiya, Maman yara? Muna cikin taro.”

Na ce, “Taron wa, Baba?”

Ya ce, “Taron ikilisiya.”

Na ce, “To ai ga ikilisiya ta iso. Ko ruwan baftismar da aka nutsar da mu a ciki daban yake da naku?”

Ya ce maganar ba ta kunnen mata ba ce, ƙazanta ce. Na ce in ta isa a sanar a gaban baƙi mako mai zuwa, ta isa mu ji yau. Bai da yadda zai yi, don ƙa'idar shi da bakinsa ya sha koya mana ita. Aka matsa mana, muka zauna, wasu a hannun kujera, wasu a ƙasa, kuma nan take kowa ya ga abin da ba mu taɓa lura da shi ba: mun fi su yawa.

Baba Dikin ya sake bayani, kuma ba da mugunta ya yi ba. Ya ce Maganar Allah a fili take, shi aka ba kiwon wannan garke, ba zai tsaya gaban Ubangiji a ce ya ga zunubi ya kau da kai ba. Da ya gama na miƙe.

Na ce, “Baba, ni ba malama ba ce. Amma yaron nan ba kama shi aka yi ba, da ƙafarsa ya zo wurinka. In wannan ne ladan faɗin gaskiya, to yau mun koya wa 'ya'yanmu su riƙa yi mana ƙarya. Kai ka koya mana cewa kowane rai shi zai amsa wa Allah da kansa, ba dikin ba, ba fasto ba. Iyayenmu an kore su daga gidajensu don sun bi abin da zuciyarsu ta shaida musu, mun san ciwon kora. Kuma a duk ƙasashen duniya, a nan za mu tona wa mutum asiri? Nan fa aka gudo da Yesu yana jariri aka ɓoye shi. Ban san dalilin da Allah ya yi yaron nan haka ba, amma na ga 'ya'yan Ruhu, ƙauna da haƙuri da tawali'u, a jikinsa fiye da yadda na gani a jikina, kuma teburin Jibin Ubangiji ba namu ba ne da za mu ture wani daga kai.”

Hayaniya ta tashi. Wani ya ce na kwaso ra'ayin Turawa, na ce masa ban taɓa taka ƙasarsu ba, a kicin ɗin nan na samo shi. Wata daga cikin matan da na fito da su ma ta ce ita dai tana bayan Baba. Ban yi mamaki ba, ai ban fito da su don su bi ni ba.

Sai Kaka ta buga sandarta. Tsohuwa ce, mahaifiyar ɗaya daga cikin ma'aikatan ofishin jakadanci, ta zo jinyar gwiwa ta zauna har ta zama tamu. Ta ce, “Ni wannan abu ban gane shi ba, kuma ba na son sa. Amma a ƙauyenmu an taɓa yi wa wani sanarwa irin wannan. Ni na riƙe uwarsa ranar da aka kawo gawarsa. Ba zan sake ɗaga hannu a kan ɗan wani ba.”

Baba Dikin ya ce masu son a cire shi a yi sanarwa su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, ba kaɗan ba. Ya ce waɗanda ba su yarda ba. Na ɗaga nawa, muciya da komai. Kaka ta ɗaga, mata suka bi ɗaya bayan ɗaya, da wasu samari ɗalibai. Maigidana ya kalli Baba, ya kalli ƙasa, sannan ya ɗaga nasa a hankali. Har yau ina tsokanarsa cewa muciyar ya ji tsoro, shi kuma ya ce Ruhu Mai Tsarki ne. Muka rinjaye su. Aka kuma amince maganar ba za ta fita daga ɗakin ba. Amma da Baba ya nemi a dakatar da shi daga ba da waƙa, nan aka kayar da ni, har da hannuwan wasu da suka tsaya tare da ni da farko. Abin ya yi mini zafi sosai. Muka ci tuwo mai gudaji da warin ƙuna, ba wanda ya yi ƙorafi.

Juma'a ta zagayo, da safe na kira yaron a waya bai ɗauka ba. Na hau mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, har Abbasiya, na same shi ya ɗaure kayansa a jaka. Ya ce ba zai iya haɗa ido da mutanen nan ba. Na ce, “Khalas, an gama magana. Mun ƙona tuwo saboda kai, sannan ka ce ba za ka zo ba? Yalla, tashi ka sa takalmi.” Ya yi dariya da hawaye, ya biyo ni.

Ranar Jibin Ubangiji ce, kuma Baba Dikin ne ke zagawa da farantin gurasa. Da ya iso gaban yaron ya tsaya, har na ji kamar in tashi. Sai ya sunkuya ya miƙa masa, ya ce a hankali, “Ɗauka, ɗana.” Bayan sujada Baba ya ce mini ra'ayinsa bai canja ba, amma ikilisiya ta yi magana, shi kuma bawanta ne. Na girmama shi a ranar fiye da kowane lokaci. Yaron nan ya gama karatunsa lafiya, yanzu likita ne a wata ƙasa, kuma dikin ne a wata ikilisiyar Baftis da ta karɓe shi yadda yake.

Abin da na koya shi ne, ba sai kowa ya gama fahimta ake ceton mutum ba. Kaka ba ta gane ba, Baba bai yarda ba, ni kaina ina da sauran tambayoyi, amma yaron ya rayu. Tun daga ranar, duk inda aka zauna za a yanke wa wani hukunci da sunan Allah, nakan fara duba wa aka bari a waje, in kuma ni ce, ba na jira a kira ni.