Wasiƙar Da Mai Ita Ya Musanta

Akwai wata Asabar da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da tsufa ya kwashe sauran. Lokacin soja sun koma bariki ke nan, gari ya cika da fastocin siyasa, ni kuma na gama jami'a ina zaman jiran aiki. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne tara tsofaffin wasiƙun 'yan siyasa da sa hannunsu. Abokaina suna yi mini dariya, wataƙila kuma da gaskiyarsu.

Wadda na fi ji da ita a Sabon Gari na samo ta, wurin wata Alhaja Bayarabiya mai sayar da atamfa, cikin akwatin marigayi mijinta. Da tafireta aka buga ta tun jamhuriya ta farko, ana gayyatarsa taron jam'iyya, a ƙasa ga sa hannun wani jigon 'yan adawa. Sai dai hankalina bai kwanta ba, don ni dama mai yawan wasu-wasi ne. Idan jabu ce fa? Jigon yana raye, yana nan Fagge, amma na yi ta ɗaga zuwan saboda tsoron abin da zan ji.

Ranar dai na yi ta maza. Na tarar da zaurensa cike da masu son ya yi musu hanya wurin sababbin masu mulki, kowa da ambulan a hannu. Da layi ya zo kaina, tsohon ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai kuma wace ma'aikatar kake so?"

"Baba, ba aiki ba ne. Wato, ina neman aikin, amma ba shi ya kawo ni ba. Wannan nake so a duba mini, in ba damuwa."

Ya karanta a hankali, ya kai ƙarshe, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Ɗana, a watan nan ai ina gidan yari! Ko biro ba a bar mana ba. Sakatarenmu ne. In an kama ni, shi yake sa mini hannu don kada 'yan jam'iyya su karaya. Dubi yadda ya ƙawata shi. Ni yaushe na iya wannan lanƙwasa?"

Na miƙa hannu na karɓa. Na fara naɗe takardar ina ba da haƙuri, ban ma san haƙurin me nake bayarwa ba.

"Ina za ka? Kawo nan. Tun safe kai kaɗai ne ba ka zo da roƙo ba."

Ya karɓi birona. Kafin in ce kada ya ɓata ta, har ya duƙa a kanta. A ƙasa ya rubuta cewa hannun ba nasa ba ne, amma maganar tasa ce, sannan ya rattaba nasa na gaskiya, wani ɗan karce kamar kaza ta yi tono. Wani daga baya ya ɗaga ambulan ɗinsa ya ce, "Baba, ni ma a musanta mini tawa!" Zaure ya kaure da dariya, har da ni.

Tun daga ranar, in shakka ta kama ni ba na kwana da ita, zuwa nake in tambaya. Ba lallai amsar ta zama wadda nake so ba. Amma, a iya sanina dai, zaman zullumi bai taɓa ba ni ko ɗigon tawada ba.