Maccido da Dodon Ƙofar Ƙarshe

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Maccido wayarsa a kasuwar Gummi ya san abin da zai biyo baya. Ba zai tambaye ka abin da ya lalace ba. Zai juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta da farce, ya kara a kunne kamar mai zaɓen kankana, sannan ya ce, "Wagga tana ɗaukar dodanni." Kai gyaran sifika ya kawo ka, shi kuwa masauki yake nema wa dodanninsa!

Ni taubashinsa ne, shagon ɗinkina kuma manne yake da rumfarsa, don haka na sha kallo. Dodannin nan na wani tsohon wasan kwamfuta ne, inda mutum ke bin lungu-lungu da bindiga yana harbe su. Don babbar kwamfuta aka yi wasan, amma Maccido ya rantse sai ya cusa shi cikin wata 'yar na'urar gem ta hannu da ya tsinto a kayan gwanjo. Kun kuma san don wa: 'yarsa Hassi. Tana goye gubar dalma ta kama ta a ƙauyen Innarta, can wajen Bukkuyum, zamanin da ake niƙa dutsen zinari cikin gidaje. Ta rayu, sai dai hannun dama ya shanye, magana kuma da ƙyar take fita. Kowa tausayinta yake ji, ko tsintsiya ba a barinta ta ɗauka. Shi Maccido so yake ta sami abu ɗaya a duniya da za ta ci da ƙarfin kanta.

Ya kwashe maɓallan duka ya mayar hagu, na harbi kuma ya ciro shi daga matacciyar tocila. Matsalar ita ce memori, wato ma'ajiyar na'urar, ɗan mitsitsi ne, wasan ya ƙi shiga. Na ce ya sayi babba, ya kalle ni kamar na zagi kakansa. Sai ya hau rage kaya. Ya zubar da kiɗa, ya zubar da sararin sama, bango duka ya mayar da su launin toka. Wata rana na leƙa, na ga dodanni suna yawo a iska.

"Bawana, ina ƙafafunsu?"

"Na cire. Mi dodo ka yi da ƙahwa? Aike za a yi mai?"

"Kai dai marowaci ne, har dodo ka yi wa ƙwange!"

"Kai da ka rage yadin mutane kana ɗinka ma ɗiyanka hula, kai za ka hwaɗa min?"

Na koma kan keken ɗinkina.

Sai ranar gwajin sauti. Wayyo! Wani mai tallan magani ya kawo lasifikarsa gyara, Maccido ya ga banza ta faɗi, ya jona na'urar a jiki. Ranar kasuwa fa, ga kuma halin da ƙasarmu take ciki. Yana danna maɓalli sai ƙarar bindiga ta cika kasuwa. Mai nono ta watsar da ƙwarya, masu kabu-kabu suka bar babura kwance, ni kuwa na tsinci kaina ƙarƙashin teburin yanka tare da wani Alhaji da ya zo awon babbar riga. Da ƙura ta lafa na leƙo, ga Maccido zaune shi kaɗai yana murmushi.

"Alhamdu lillahi," in ji shi, "sauti ya hito tas."

Dattawan kasuwa suka wanke shi sarai, ya kuma ji kunya, don ba mugu ba ne. Washegari ya goge ƙarar bindigar, ya je gida ya ɗauki sautin taɓaryar Inna Tumba, uwar Hassi, tana daka ya sa a madadinta. Tun daga ranar, in Hassi ta harba sai ka ji tim! In wasa ya yi zafi sai ka rantse dakan biki ake yi a gidan.

Da hannun hagu yarinyar nan ta share ɗaki bayan ɗaki, har ta kai ƙofar ƙarshe. A nan wani ƙaton dodo ya tsare ta, damina biyu tana fama da shi. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da Maccido. Na je duba shi, na ga yadda ya zube.

"Bawana, don Allah rage wa dodon nan ƙarfi. Ta ci, ka gani da idonka."

"In na rage ta sani. Hassi hannu tar rasa, ba wayo ba. Kowa na yi mata sauƙi, ni ban yi."

"To in ka tafi ba ka gani ba fa?"

"Sai ka gano min. Mi an amfaninka dama, in ba kallo ba?"

Na yi dariya, na fito waje na share hawaye. Raina ya ɓaci da taurin kansa, ban ɓoye muku ba. Bayan kwana tara ya rasu.

Watanni suka wuce. Wata safiya ina zare ɗinki sai ga Hassi da sauri, mayafi yana zamewa. Ta wuce shagona ko kallo, ta tsaya gaban rumfar Maccido, ta ɗaga na'urar daidai inda bencinsa yake a da. Ta daɗe a haka kafin ta lura da kwaɗon da ke ƙofar. Sannan ta juyo a hankali ta miƙo mini. Ga dodo kwance, ga ƙofa a buɗe. Ta yi ta kokawa da harshenta har maganar ta fito.

"Baffa... ni ɗai."

"Na gani, Hassi," na ce. "Wallahi na gani."

Allah Ya jiƙan Maccido, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya yi masa sauƙin hisabi. Ya raya Hassi, Ya ƙara wa hannunta albarka. Amin.