Fankar Arzika Ta Juya Baya

Arzika ɗan Dabai ne, amma ƙuruciyarsa ta ƙare a wata masana'anta a Kaduna, inda yake haɗa fanka da injin ban ruwa. Da kamfanin ya rufe, ya dawo Zuru da akwatin sifana, da bakin barkwanci, da wata fankar sama wadda ya haɗa da hannunsa. Ya kafa ta a zaure, ya ja mata sola, yana gyaran injinan mutane a ƙarƙashinta.

Duk unguwar babu iska irin tata. Shi ya sa Kawu Dodo, kawun matarsa Bilki, in ya zo cin kasuwa daga Mahuta sai ya zarce zauren, ya miƙe a tabarma, ya yi ta minshari har la'asar. Masu kawo gyara sai su tsallake ƙafafunsa. Suruki kuwa ba a korarsa.

Ran nan Arzika ya taka benci ya sauya wayoyi biyu. Fanka ta koma juyawa baya, iskar duk tana tafiya rufi.

Kawu ya kwanta, ya juya, gumi ya jiƙa masa riga.

"Arzika, hwankar ga tana gudu, amma ina iskar?"

"Wallahi Kawu, iskar bana ba ta da auki," in ji shi, yana danne dariya.

Tausayi ya kama tsohon. Ya fita, can sai ga shi da Nwankwo, mai shagon kayan wuta a bakin kasuwa. Nwankwo ya ɗaga kai ya dubi fanka, ya dubi Arzika, ya gane komai.

"Kai, Baba, wannan ciwo babba ne. Sai an kwantar da ita a shagona."

Arzika ya buɗe baki, ya tuna gaban wa yake, ya rufe. Da hannunsa ya kwance ta.

Tsakiyar bazara ce. Nwankwo ya mayar da wayoyin, ya rataye ta a shagonsa, kullum ya ce tana jin sauƙi. Bilki ta yi dariya har da hawaye.

Da zafi ya ishi Arzika, ya tafi shagon da kansa. Ya tarar da Kawu a miƙe a benci a ƙarƙashin fankar, yana shan iska.

"Matso, ɗana," in ji tsohon. "Ga wuri."