Koriyar Ledar Kao Wen-hsiung

Kao Wen-hsiung ya tsufa a masana'antarmu ta Hsinchu, amma ban ga abin da ya koya ba sai gyara tsayuwa in manaja ya shigo. Na raina shi tun muna samari, kuma bai taɓa ba ni dalilin fasawa ba.

'Yan na'urori muke ƙerawa masu sansano guba a ruwa. Ƙwayar da ke cikinsu ba ta kai farce ba, kuma barci take yi sai haske ya taɓa ta. In babu haske, ko me ka zuba mata ba za ta ce uffan ba. Darasin ranar farko ke nan.

Shi gwanintarsa a leda take. Dukkanmu mukan ɗora koriyar ledar ƙwalama a kan inji don ya yi biyayya, rabi wasa rabi gaske. Wen-hsiung ya mai da abin sana'a. Yana zagayawa da tumbinsa yana duba ko wa'adin wata leda ya wuce, yana zazzage duk wanda ya kuskura ya kawo rawaya.

Yana da yaya, Su-chen, wadda mijinta ya rasu ya bar mata tafkin kiwon kifi guda ɗaya a Tainan. Da shi take ci. Da bikin sabuwar shekara ya kai mata na'urarmu, yana hura hanci.

"Yaya, daga yau ki huta. Ruwa na fara ɓaci wayarki za ta yi ƙara."

"Ka tabbata, Ah-Hsiung? Marigayi dai kullum sai ya ɗebo ruwan ya gwada."

"Shi ya sa ya tsufa da wuri. Ke dai ki soya mana kifi."

Ya kafa na'urar a bakin tafkin. Murfinta gilashi ne don rana ta shiga. A kan gilashin ya shimfiɗa koriyar ledarsa, ya naɗe ta da salatif tam don kada iska ta ɗauke. Su-chen ta yarda da ƙaninta, ta daina gwada ruwa.

Da zafi ya tsananta ruwan ya ɓaci, waya shiru. Ni na kai Wen-hsiung can a mota, muka tarar da tafkin ya yi fari fat da cikin matattun kifaye, Su-chen a ciki har gwiwa tana kwasa. Wen-hsiung ya je ya ɓamɓare ledar. Rana na faɗawa kan gilashin, wayar da ke aljihun yayarsa ta hau ƙara.

Na zaci zai durƙusa ya ba ta haƙuri. Sai ya juya bayan ledar, ya gyara tabarau.

"Yaya, ai ga matsalar. Wa'adinta ya wuce. Zan kawo miki sabuwa."

Su-chen ta kashe wayar, ta ci gaba da kwasa.